Injin na kuka, sandar baya ba ta juyawa

Ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Waɗanda suka ga hoton da ƙanena ya ɗora ranar Alhamis, ina kwance ƙarƙashin tarakta da baƙin mai har gwiwar hannu, kuna ta tsokanata wai malamin makaranta ya koma makanike, to ga bayanin da na yi maku alkawari.

Taraktar gidanmu sa'ata ce, ko ma ta ɗan girme ni. 'Yar Italiya ce, asalinta ruwan lemo, amma rana da ƙura sun mayar da ita kalar tsohuwar randa. Marigayi Babanmu ya saye ta a gwanjo ina aji uku na firamare, ya sayar da shanun huɗa biyu ya cika da kuɗin adashi. Da ita aka yi mana kuɗin makaranta, da ita aka aurar da 'yan'uwana mata. Yau gida shida ke cin abinci ta dalilinta: da damina ta yi haro, da kaka ta juya injin casar shinkafa, sauran lokaci ta ja tirela.

Don wanda bai san tarakta ba: irin wannan tana da kuloci biyu. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa a sa giya kamar na mota. Akwai kuma na hannu, wani dogon ƙarfe a gefen direba, shi ke haɗa inji da sandar nan da ke juyawa a bayan tarakta, wadda makanikai ke ce wa PTO. A ƙa'ida sandar tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, kuma ita ke ba injin casa ƙarfi. Ka ɗaga hannun, sanda ta tsaya. Ka sauke shi, faifan kuloci ya matse, sanda ta ɗauka. Wannan na hannun shi ya tsayar da mu ranar Alhamis.

Mun yanke shinkafar fadamarmu ta wajen Morai, mun tara ta tsibi uku. Duk wanda ke noma a yankin Mafara, Bakura da Maradun ya san yadda aiki ya koma a shekarun nan. Da can a kan kwana a masussuka, a hura wuta, a dafa shayi, inji na aiki har asuba. Yanzu ana fita bayan rana ta ɗaga, kuma kafin la'asar sakaliya kowa ya kama hanyar gida. Wanda ya bar tsibin shinkafa ya kwana a daji, to ya bar wa Allah: ko ya tarar da shi, ko ya tarar da toka, ko ya tarar da saƙon cewa sai an biya kafin a taɓa. Ba sai na yi dogon bayani ba, mu da aka ɗebe mana 'yan mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Talata Mafara. Saboda haka awa shida ko bakwai muke da su a yini, babu ƙari.

Ranar muna da 'yan ƙwadago goma sha ɗaya, da mata masu sheƙa, da mai mota da muka yi da shi zai zo ƙarfe uku ya kwashe buhuna. Mun gama tsibi ɗaya lafiya. Muna shiga na biyu, wajen sha ɗaya da rabi, sai na ji sautin injin casa ya canza. Duk lokacin da aka cusa dami sai ya yi sanyi kamar zai tsaya, alhali ita tarakta kukanta bai ragu ba ko kaɗan. Ƙanena da ke tuƙi ya ƙara totur. Kuka ya ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, casa ba ta ƙaru ba. Can sai ga wani ƙauri, irin na birkin babbar mota in ta sauko daga gangare. Yaron ya dube ni ya ce, "Yaya, kulocin hannu na sulɓewa."

A nan na yi wautar da nake so in faɗa a bainar jama'a, don kar wani ya maimaita. Na ce a raina, abin da ke sulɓewa ai sako-sako ya yi, maganinsa ɗauri. Na ɗauko sifana, na bi siririyar sandar da ta taso daga hannun kulocin zuwa jikin gidan kuloci, na ga zare da noti, na ɗaure har sai da hannun ya yi tsam, ba ya motsi ko kaɗan. Har da ɗan alfaharina. Muka tayar. Wallahi dami biyu kawai aka cusa, injin casa ya tsaya cik, ƙauri ya cika wurin, har matan da ke sheƙa suka ja baya. Na taɓa gidan kulocin, ba ya taɓuwa don zafi.

Ƙarfe sha biyu ta wuce. 'Yan ƙwadago suka koma inuwa, kuɗinsu na yini kuwa yana tafiya. Man gas da lita ta haura naira dubu muna ta ƙona shi a banza. Na dubi tsibi biyun da suka rage, na dubi gabas inda dajin yake, gabana ya faɗi.

Mutum ɗaya na sani da zai iya fitar da mu: aminin Babanmu, tsohon makaniken da ya riƙe taraktar nan tun ranar da aka kawo ta. Baba muke ce mashi. Yana saurayi ya koyi aiki a hannun Turawan Italiya na kamfanin Impresit, lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978. Shekara uku ke nan da ya taso daga ƙauye ya dawo cikin garin Mafara saboda halin da ake ciki. Ido ya yi rauni, gwiwa ba ta barinsa hawa babur. Na hau kan tirela inda sabis ke ɗan kamawa, na kira shi.

Bayan gaisuwa na kwashe labari na faɗa mashi, na ɓoye ɗaurin da na yi. Ya ce, "Tada ta, ka kai waya kusa da ita in ji." Muka tayar, aka cusa rabin dami. Bai fi daƙiƙa goma ba ya ce, "Kashe! Kashe ta!" Sannan ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa sandar ga?"

Na yi shiru. Ya ce, "Kai ne ko? Haba malam. Kun ga abu na kukan matsi kunka ƙara shaƙe shi."

Ga abin da ya koya mani, ina tsugune ina maimaitawa ƙanena na riƙe da waya. Na rubuta shi yadda na fahimta, ko zai amfani wani.

Faifan kuloci yana da fata a fuska biyu, kamar ta birki, kuma sifirin ne ke matse shi. Ta bayansa akwai wasu 'yan yatsun ƙarfe, da boris ɗin da ke danna su in ka ɗaga hannu, don faifan ya saki. Idan ka sauke hannun, dole boris ya ja baya gaba ɗaya, a samu ɗan fili tsakaninsa da yatsun. Wannan filin shi kake ji a hannunka kamar ɗan wasa, hannun ya ɗan motsa a banza kafin ya fara nauyi. To yayin da fatar faifan ke cinyewa da shekaru, yatsun suna matsowa kusa da boris, wasan yana raguwa a hankali. Ranar da wasan ya ƙare, boris ya zauna kan yatsun yana danna su ko da hannun na ƙasa, sifirin ya kasa matse faifan sosai, sai ya riƙa sulɓewa yana ƙonewa. Ashe wasan ne ya ƙare, ni kuma na zo na kashe ɗan guntun da ya rage. Baba ya ce, "Ƙarhe ma yana son a bar mashi wurin numfashi."

Amma bai bar ni na taɓa noti nan take ba. Ya ce abu uku zan fara dubawa.

Na farko, a kashe inji, a cire makulli, giya a furi, a sa dutse gaba da bayan taya, a bar ta ta huce. Ya kuma ce in tuɓe babbar rigata. Ya ce ya taɓa ganin abin da sandar baya ta yi wa mai babbar riga, ba ya son ya sake ji. Don Allah masu aiki kusa da sandar nan ku riƙe wannan: riga mai faɗi, rawani, gyale, duk a nisanta su.

Na biyu, in cire sandar daga injin casa in juya injin da hannu. In ya cije, to laifin ba na kuloci kaɗai ba ne, kaya ne suka yi mashi yawa. Muka buɗe, muka tarar da ɗanyen kara ya nannaɗe a gefe guda. Muka yanke shi da lauje.

Na uku, in kwanta in duba ƙasan gidan kulocin, akwai ɗan rami a wurin. In baƙin mai na ɗiga daga nan, to sil ɗin bayan inji ya mutu, mai ya jiƙa faifan, kuma babu juyin notin da zai hana shi sulɓewa. Wannan ne hoton da kuka gani. Na sa yatsa a ramin, zuciyata na bugawa. Ya fito da baƙar ƙura busasshiya, ba danshi. Na faɗa mashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Fatar ce taka ci, ba mai ba ne. Yanzu koma inda ka yi ɓarna."

Gyaran kansa bai kai minti ashirin ba. A ƙarshen siririyar sandar akwai wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, an soke shi da ƙusa, an kulle ƙusar da 'yar waya. Bayan gwafar akwai notin kulli. Ka sassauta notin, ka zare wayar, ka fitar da ƙusar, sannan ka juya gwafar a kan zare. Ya ce kar in yi gaggawa: juyi ɗaya, a mayar da ƙusa, a gwada hannu. Wata tarakta tsawaita sandar ake yi, wata gajarta ta ake yi, abin da kake nema dai wasan ya dawo. Kowace iri tana da awonta a littafinta. Namu littafin gara ta cinye shi tun ina sakandare, amma awon na cikin kan Baba: ya ce in sa yatsana a saman hannun, in wasan ya kai kamar faɗin yatsa biyu kafin ya yi nauyi, in tsaya. Sai da na warware duk ɗaurin da na yi, na ƙara juyi uku, sannan na ji shi. Wallahi na tuna hannun haka yake lokacin Babanmu. Shekaru ya yi yana raguwa a hannunmu ba wanda ya lura.

Ya ce kar kuma a zarce. In wasan ya yi yawa, ko ka ɗaga hannun har ƙarshe faifan ba zai saki duka ba, sanda ta ƙi tsayawa, giyarta ta riƙa gurnani in za a sa. Muka ɗaure notin kulli, muka sa sabuwar waya a ƙusar, muka tayar. Na ɗaga hannu, sanda ta tsaya. Na sauke a hankali, ta ɗauka. Aka cusa dami. Sai na ji kukan tarakta ya ɗan nutse, ya yi nauyi, sannan ya dawo. Daga cikin waya Baba ya ce, "Yauwa! Ka ji ta ko? In kaya sunka hau, inji ya ji a jikinai. Wanda ke kuka iri ɗaya da kaya da babu kaya, ba aiki yake ba."

Kafin ya kashe waya ya ce a ba shi ƙanena. Ina jin yana yi mashi faɗa: kar ya sake barin hannun a sama inji na aiki don yana jiran a kawo dami, wannan ke cinye boris, in za a daɗe, a fitar da giyar sandar a sauke hannun. Kar kuma ya riƙa riƙe shi rabi da rabi in injin casa ya shaƙe. Yaron sai "To Baba, to Baba" yake yi.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka ci gaba. Muka rage yawan damin da ake cusawa, kamar yadda ya ce. Mai mota ya zo ƙarfe uku ya jira mu, Allah Ya saka mashi. Buhun ƙarshe ya hau mota biyar saura. Ba a daɗe a daji haka ba a bana, kuma ba wanda ya yi magana a hanya sai da muka hango rufin kwanon gari. Mahaifiyarmu na bakin zaure da carbi.

To me ya sa na kawo wannan labarin nan, inda na saba rubutu kan al'amuran yau da kullum?

Saboda ranar Talata na je gaida Baba, na kai mashi shinkafa kwano biyar, ya faɗa mani maganar da ta hana ni barci. Ya ce abin da muka yi aron lokaci ne kawai. Zaren sandar ya kusa ƙarewa, alamar fatar faifan ta kusa kaiwa ga ƙusoshinta. Wataƙila ta kai mu ƙarshen kakar nan, amma kafin noman rani sai an canza faifai. Canza faifai kuwa sai an raba tarakta gida biyu, inji gefe, giya gefe, a kan jak da katako. Kayan ana samu, in ba a Gusau ba to a Ƙofar Ruwa a Kano. Na ce to Baba wa zai raba ta? Ya ƙirga yaran da ya koya wa aiki da yatsunsa. Ɗaya ya rasu. Biyu sun tafi haƙar zinare. Ɗaya yana acaɓa a Abuja. Ɗaya ya koma gyaran babur, ya ce a nan kuɗi yake. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Shi ke nan."

Ku duba wurin da muke zaune. An tare ruwa mai yawan kubik mita miliyan 450 a Bakolori don a shayar da hekta 23,000. Ba kyauta aka samu wannan ba: mutane sun rasa gonakinsu da gidajensu, kuma a watan Afrilun 1980 manoman da suka fito neman diyya sun rasa rayukansu a hannun 'yan sanda a yankin Birnin Tudu. Tsofaffinmu har yau suna rage murya in za su ba da labarin. Bayan wannan tsadar, sashen ban ruwa na yayyafi, wanda shi ne mafi girma, ya daina aiki shekaru da yawa da suka wuce, sai da aka sake nemo rancen Bankin Duniya ta shirin TRIMING don a farfaɗo da aikin. Ina da yaƙinin yawancin injinan da suka mutu a ƙasar nan ba rana ɗaya suka mutu ba. Irin na kulocinmu ne: ɗan abu ya riƙa raguwa, ba mai dubawa, har ranar da ya tsaya.

Tun daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, zuwa juyin noma na Shagari a 1980, kowace gwamnati da taraktocinta take zuwa. Har haɗa su an yi a ƙasar nan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da tarakta 2,000 da aka sayo daga Belarus. Ni ba na adawa da sabuwar tarakta, wallahi in an ba ni ɗaya da gudu zan karɓa. Tambayata ita ce: shekara biyar nan gaba, ranar da wasan kulocinta ya ƙare a wata fadama da ƙarfe sha biyun rana, wa manomin zai kira? Duk wanda ya zaga jihohin Arewa ya ga gawarwakin taraktoci jere a bayan waya, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu, wasu fentinsu ma bai gama kwailewa ba. Tamu kuwa ta haura shekara arba'in tana aiki, kuma dalilin ɗaya ne: ta samu mutum guda da ya san kukanta.

Wani abokina da na ba labarin ya yi dariya ya ce ai ƙasar ce gaba ɗaya kulocinta ke sulɓewa, sama ana ta ƙara totur, ƙasa ba abin da ke juyawa. Na ce mashi wannan na bar wa masu sharhi. Ni abin da na gani da idona ƙarami ne: ilimin da ya ceci abincin gida shida yana cikin kan tsoho ɗaya mai ciwon gwiwa, kuma rashin tsaro ya raba shi da gonakin da ke buƙatarsa. In ana lissafin asarar da 'yan bindiga suka jawo mana, ana ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa. Ba a ƙirga makanikai da maƙera da masu gyaran injin ban ruwa da suka watse.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Mafara, muna da Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Ina roƙon masu faɗa a ji da ke karanta ni: a nemo irin su Baba tun suna da rai, a zaunar da su da matasa, ko ba su da takardar shaida. Duk shirin raba tarakta a haɗa shi da koyar da yara biyu ko uku a kowace gunduma, a ba su akwatin sifana. Kuɗin hakan bai kai na taya huɗu ba.

A namu gidan mun yanke shawara. Daga makon nan ƙanena zai riƙa zuwa wurin Baba duk Talata da Juma'a. In an gama kaka za mu ja taraktar zuwa ƙofar gidansa, mu raba ta a gabansa, shi yana kan tabarma yana faɗa, yaron na kwancewa, ni ina rubutawa a littafi. Na sayi littafin ma, mai bango mai ƙarfi, gara ba za ta same shi ba in sha Allah. Shafin farko na rubuta: a duba wasan hannun kuloci duk ranar da aka canza baƙin mai.

In akwai matashi a Morai ko kewaye da ke son ya zo ya kalla ranar, ya yi mani magana, Baba ya ce ƙofa a buɗe take. Masu tsohuwar tarakta kuma, gobe da safe kafin ku tayar, ku taɓa hannun ku ji ko da sauran wasa.

Allah Ya jiƙan Babanmu da dukkan magabatanmu. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, mu koma kwana a masussuka kamar da. Amin.